Igiyar Toyota a Asibitin Siyatil

Ku ɗauka kuna kallon wata igiya da ke rataye saman kawunan ma'aikata. Masana'antar Toyota ce a Japan a shekarun baya, sunan tsarin kuwa andon. Duk wanda ya ga abin da bai yi masa ba, ko da noti ɗaya ne bai ɗauru ba, sai ya ja ta. Fitila ta kama, shugaban sashe ya sheƙo. In ba a gyara nan take ba, layin haɗa motoci ya tsaya cak.

A 2002 Dokta Gary Kaplan, shugaban asibitin Virginia Mason da ke Siyatil a Amurka, ya kwashi manyan asibitin suka tafi Japan ganin wannan aiki da idonsu. Wasu likitoci ba su ji daɗi ba, a ganinsu majinyaci ai ba mota ba ne. Gaskiyarsu. Sai dai kuskure ɗabi'arsa ɗaya ko'ina: ƙarami ne yake fara hango shi, kuma ƙaramin ne ke tsoron buɗe baki a gaban babba.

Da suka dawo suka kafa tasu igiyar. Kowane ma'aikaci, nas ko mai shara, in ya ga haɗari yana da ikon kai rahoto, shugabanni kuma dole su bi kan maganar. Wanda ya san girman kan wasu manyan likitoci ya san nan ne gizo ke saƙar.

Duk da haka, a 2004 aka yi rashi. Wata mata ta zo a yi mata aiki a jijiyar ƙwaƙwalwa, aka yi mata allurar ruwan goge fata mai kashe ƙwayoyin cuta, a zaton ruwan allura ne. Fari fat yake kamar ruwan sha, a mazubin da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ta rasu.

Asibitin bai yi rufa-rufa ba, ya fito fili ya amsa laifinsa. Sannan ya ari wata dabarar Toyota, poka-yoke, wato a tsara kayan aiki yadda ko mutum ya gaji ba zai iya kuskuren ba. Aka daina zuba maganin a mazubi. Aka koma kawo shi jiƙe a auduga mai tsinke, yadda sirinji ba zai iya zuƙarsa ba.