Bayan dashen ɓargo, jinin wa ke yawo a jikin yaron?

(Daga rikodin laccar da wata likitar jini ta yi wa iyayen masu sikila a Abuja)

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Toh yau ba zancen kuɗin dashe zan yi ba, kowa ya san tsadarsa ko a Indiya ko nan gida, don tun 2011 aka fara yinsa a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a jihar Edo. Abin da ke biyo baya shi ke damuna.

An sa wa yaro ɓargon yayarsa (ɓargo shi ke yin jini a jiki), ya dawo ya yi ƙiba ido ya washe, sai a ce ai an gama. Wallahi Hajiya da saura. Ɓargo biyu ne zaune kamar kishiyoyi, tsohon kan iya farfaɗowa ya ture baƙon a hankali kuma yaron ba ya jin komai sai abu ya yi nisa.

Shi ya sa ake gwajin da muke kira kaimerizim. Tun kafin dashe ake ɗibar jinin yaron da na yayar a ajiye, saboda a cikin DNA, wato ƙwayoyin gado da kowa ke samu daga iyayensa, akwai wasu gurare da tsawonsu ya bambanta ko tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ne, to bayan dashe in an ɗebi jini sai a gwada da waɗancan a ga kashi nawa ne na yayar. Galibi a kwana 30, sai wajen kwana 100, wata 6, shekara, kowane asibiti da tsarinsa.

In kin ga 70 cikin 100 kar hankalinki ya tashi, a sikila ko da ƙasa da rabi ne na yayar ciwon kan kwanta. Abin tsoron shi ne a ga kason yayar yana ta sauka daga gwaji zuwa gwaji, 90, sai 70, sai 50. Nan likita ke sake lissafin maganin danne garkuwar jiki tun da sauran dama.

Kuma don Allah kar a je lab ɗin unguwa a yi jinotayif a ce ya wadatar, domin an yi masa ƙarin jini lokacin dashe, jan jini kuwa yana kai kwana 120 a jiki, na wani za ki gani.

Wata uwa ta tambaye ni batun auren yaron in ya girma. Takardar jinotayif ɗinsa za ta nuna AA ko AS irin na yayar, amma dashe bai canza gadon sikilar da ke cikin ƙwayar haihuwarsa ba, duk ɗan da ya haifa S zai ba shi. Ranar da ya kawo yarinya a gwada ta, a kuma faɗa wa iyayenta gaskiya.