Naɗar Darasi da Waya: Abin da Malami Zai Kula da Shi

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka yi wa malaman sakandare.

Assalamu alaikum. Malamai, kafin kowa ya kafa waya gaban allo, ya tuna wanda zai kalla. Yarinya ce mai shirin WAEC, da ƙaramar wayar yayanta a hannu, datar ma ta roƙo ce. Ita za ku naɗar wa.

Mu fara da sauti, domin nan aka fi yin ɓarna. Ɗalibi zai haƙura da hoto dishi-dishi, amma muryar da ke fitowa kamar daga rijiya ba zai yi minti biyu da ita ba. Makirfon waya ba ya zaɓe: idan malam ya yi nisan taku uku, zai kwaso fanka, janareto, da amon da bangon siminti ke mayarwa. Ku nemi ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, tsakaninsa da baki kamar ɗani ɗaya, kada babbar riga ko mayafi su riƙa gogarsa. A kashe fanka. Zafin minti goma ba zai kashe kowa ba. Ɗakin da ke da labule da darduma ya fi aji wanda ba kowa, don yadi na shanye amo. Wayar kuma a sa ta yanayin jirgin sama, tunda kira ɗaya ya isa ya katse naɗi.

Haske ya zo daga bayan mai ɗauka. Idan taga tana bayan malam, waya za ta daidaita kanta da hasken tagar, fuska ta koma inuwa. A kwantar da wayar, a ɗora ta kan abin da ba ya motsi, a danna fuskar wayar a riƙe har ta kulle saitin hoton, in ba haka ba duk lokacin da hannu ya gifta rubutu zai dushe. Farin allo yana ƙyalli, sai a ɗan karkata daga inda fitila ke dukansa. Jan alƙalami da kore ba sa fita sosai. Baƙi ko shuɗi mai duhu, rubutu manya-manya, layi biyar ko shida sun cika allo. Ga masu lissafi da kimiyya, ni na fi son a rataye waya ta kalli takarda daga sama, hannu na rubutu murya na bayani. Salman Khan, malamin da ya kafa Khan Academy, da ya fara sa darussa a YouTube a 2006, ko fuskarsa ba a gani.

Sai tsawo. A 2014 an yi nazarin kallo kusan miliyan 6.9 na bidiyoyin edX, wani shafin karatu ta intanet, aka ga hankalin ɗalibai yana raguwa bayan minti 6. Saboda haka darasin minti 40 a yanka shi, kowane yanki tambaya ɗaya: yau daidaita lissafin sinadarai, gobe dokar Ohm.

Yanzu ku yi lissafin data da ni. Waya in ta ɗauka a babban ingancin hoto na 1080p, minti ɗaya kan ci wajen megabait 100. Wa zai sauke wannan? A matse shi da manhajar HandBrake, kyauta ce, a mayar da shi 480p ko 720p. A megabit 1 kowace daƙiƙa (megabit 8 ke yin megabait 1), minti 10 zai zama megabait 75; a rabin haka, ƙasa da 40. Allo ba ya motsi, shi ya sa yake jure matsi. A WhatsApp ku tura shi a matsayin fayil, don kada ya sake matse shi rubutu ya narke. Mutum ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta Xender. Sunan fayil ya ɗauki aji, fanni da lamba, kada a bar shi da tarin lambobin da waya ta sa masa.

Wata malama ta tambaya ko a yi bayani da Hausa. Malama, a yi, amma kalmar fanni a rubuta ta a allo da Turanci yadda za ta fito a takardar NECO ko JAMB, a faɗe ta sau biyu. Kafin ki tura wa ɗalibai kuma, ki kalle shi a wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a gidanku, ba tare da abin kunne ba. Layin da kika kasa karantawa, shi za ki sake ɗauka.