Zumuɗi da Ƙwanƙwasa Ƙofa: Lacca a Kan Matasan da Suka Yi wa Obama Aikin Sa-kai a 2008

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai 'yan uwa, barkanmu da yamma. Na can baya kuna ji? To madalla.

An ce in yi magana a kan matasan Amurka masu sassaucin ra'ayi da suka yi wa Barack Obama aikin sa-kai a zaɓen shugaban ƙasa na 2008. Abu huɗu zan taɓo: su wane ne, yadda aka horar da su, aikin da suka yi da ƙafarsu, sai abin da ya biyo baya da aka ci zaɓe.

Na farko, su wane ne. Galibinsu ɗaliban jami'a ne da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba. Sun gaji da yaƙin Iraƙi da aka fara a 2003, suna son kowa ya samu inshorar lafiya, suna maganar sauyin yanayi, ga kuma tattalin arziki ya durƙushe a Satumban 2008. A lokacin goyon bayan Obama ya zama yayi: riga, fosta, waƙoƙi, shafukan intanet. Chris Hughes, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, barin kamfanin ya yi a 2007 ya je ya gina wa kamfen ɗin shafin da magoya baya ke haɗuwa. Ranar 4 ga Nuwamba, cikin 'yan ƙasa da shekara 30 da suka yi zaɓe, kashi 66 Obama suka zaɓa, kashi 32 suka zaɓi abokin hamayyarsa John McCain na jam'iyyar Republican. Shekara huɗu kafin nan kashi 54 John Kerry, ɗan takarar Democrat, jam'iyyar Obama, ya samu a wajensu.

To amma kada mu ruɗu da zumuɗi, don an taɓa gwada shi tsuransa. A 2004 Howard Dean shi ne gwanin matasa a jam'iyyar Democrat. Ya kwaso dubban masu sa-kai daga wasu jihohi ya zuba su a jihar Iowa don zaɓen fidda gwani, kowa da hular sanyi ruwan lemo. Sun ƙwanƙwasa ƙofofi har sun gaji. Na uku ya zo. Manomin Iowa ya buɗe ƙofa ya ga yaron da bai san sunan kogin garin ba yana koya masa siyasa, me kuke jin zai faru? [dariya] Mutanen Obama sun ga wannan, suka ce a'a, ɗan unguwa shi zai yi wa ɗan unguwa magana.

Kuma zaɓen fidda gwani na Iowa a lokacin ba jefa ƙuri'a ba ne a ɓoye. Manya a nan za su tuna ƙato-bayan-ƙato, to ɗan uwansa ne. Ƙarfe bakwai na dare, a tsakiyar sanyin Janairu, za ka je ɗakin taron makaranta ka tsaya a kusurwar ɗan takararka, maƙwabta suna kallonka. In kusurwarku ba ta kai kashi 15 na mutanen ɗakin ba, sai ku watse ku koma wata. Ranar 3 ga Janairun 2008 Obama ya zo na ɗaya da kusan kashi 38, Hillary Clinton ta zo ta uku. Har 'yan sakandare masu shekara 17 aka bi, don doka ta yarda su shiga muddin za su cika 18 kafin babban zaɓe.

Na biyu, horo. Akwai wani malami a Harvard, Marshall Ganz, wanda ya bar karatu a 1964 ya tafi Mississippi fafutukar 'yancin baƙar fata, daga nan ya yi shekara 16 da ƙungiyar ma'aikatan gona ta Cesar Chavez a Kalifoniya. Shi ya taimaka aka tsara horon 'yan kwanaki da suka kira Camp Obama. Ba haddar manufofin jam'iyya ake sa ka ba. Ana koya maka ka faɗi cikin minti biyu abin da ya fito da kai, abin da ya haɗa ka da mai sauraronka, da dalilin da ya sa yanzu ne lokacin. Sai a kasa ku ƙungiya-ƙungiya ta unguwa, mutum biyar ko shida: shugaba, mai kula da bin gida-gida, mai kula da buga waya, mai shigar da bayanai, mai neman sababbin hannaye. Kuma ba a ba ka muƙami don kana da baki. Sai an ce ka tara mutane a falonka, an ga nawa suka zo. Sai an ba ka ƙaramin aiki, an ga ka cika.

Yanzu mu zo inda nake so, wato ƙofa. Ku yi haƙuri, a nan zan daɗe.

A 1998 wasu malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, suka yi gwaji a garin New Haven. Suka kasa masu zaɓe rukuni-rukuni ta hanyar canki-canka, yadda ake yi in za a gwada magani: waɗannan a je musu har ƙofa, waɗannan a aika musu wasiƙa, waɗannan kamfani ya buga musu waya, waɗannan a ƙyale su. Bayan zaɓe aka duba rajista aka ga wa ya fita. Wanda aka tsaya da shi a ƙofa, fitarsa ta ƙaru da maki kusan takwas cikin ɗari. Wasiƙa, ko maki ɗaya ba ta kai ba. Wayar kamfani kuwa, babu. Da gwaje-gwaje suka yi yawa, lissafin da aka tsaya a kai shi ne, a cikin mutum kamar 14 da ka yi magana da su ido da ido, ka samo ƙuri'a guda wadda da ba za a jefa ba.

Ku riƙe 14 ɗin nan, mu bi yarinya ɗaya ranar Asabar. Ta iso ofis ƙarfe goma. Za a ba ta horo na minti goma sha biyar, a miƙa mata fakiti: taswirar tituna, jerin gidaje 40 zuwa 50, kowane gida da sunan mai zaɓe da shekarunsa, da takardar abin da za ta faɗa. Ba kowace ƙofa take bugawa ba, sai wadda ke cikin jeri. Daga ina jerin ya fito? A Amurka rajistar masu zaɓe tana nuna zaɓukan da ka fita da waɗanda ka ƙi fita, ba ta dai nuna wanda ka zaɓa. Jam'iyya tana zuba wannan a manhajar da ake kira VoteBuilder, ta tace. Wanda ya rantse McCain zai yi, kar a ɓata takalmi. Wanda naka ne kuma bai taɓa fashin zaɓe ba, shi ma ba ya buƙatarka, sai dai a ja shi aiki. Mutum biyu ake nema: mai shakka, da naka mai kasala.

A awa uku, a cikin gida 45, in ta yi sa'a a buɗe mata 10 ko 12. Sauran ba kowa, ko sun tashi, ko kare ne ya amsa. [dariya] To ku raba. Wunin nan duka, da rana da gumi, ƙuri'a ɗaya ce, watakila ma ba ta cika ba. Na ga wani yana girgiza kai. Haka ne, Malam, guda ɗaya. Amma jihar North Carolina da ƙuri'a kusan dubu 14 Obama ya ci ta, jihar da Democrat ba ta ci ba tun 1976. Indiana da Virginia kuwa rabon jam'iyyar da su tun 1964. Kamfen ɗin ya buɗe ofisoshi sama da 700 a faɗin ƙasar. Ƙuri'a ɗai-ɗai ɗin nan ce ake tarawa.

A bakin ƙofa akwai ladubba. Ka buga, ka ja da baya taki biyu. Ka nemi mutumin da sunansa. Ka faɗi naka da unguwarku. Ka yi tambaya ka yi shiru, kada ka yi masa lacca irin wadda nake muku. Da ka juya baya ka ba shi maki: 1 namu ne sosai, 2 ya karkato, 3 bai yanke ba, 4 ya karkata can, 5 nasu ne. A nan zumuɗi yake ɓarna. Dattijuwa ta yi wa yaro murmushi, ta ce Allah ya taimaka, sai ya rubuta 1. Ladabi ta yi masa, ba alƙawari ba. Ranar zaɓe a aika mota ta ɗauko ta, ta je ta dangwala wa abokin hamayya. Shi ya sa ake cewa in bai furta da bakinsa ba, 3 ne. Sai masu tsayawa musu: minti ashirin da mai lamba 5, an yi asarar gida biyar. Sai akwatin wasiƙa: dokar tarayya ta hana kowa saka takarda a ciki in ba ta bi ta gidan waya ba, don haka a jikin ƙofa ake maƙala ta.

In zaɓe ya matso, tambayar takan canja. Wasu masu bincike biyu, David Nickerson da Todd Rogers, sun gwada wannan a zaɓen fidda gwani na Pennsylvania a 2008. Maimakon ka ce za ka fita zaɓe, sai ka ce ƙarfe nawa za ka je, daga ina za ka taso, me za ka kasance kana yi kafin nan. Tambaya uku kacal. Fitar waɗanda aka samu ta ƙaru da maki huɗu, a gidan mai zaɓe guda kuwa ta kai tara. Dalili? Ranar Talata ake zaɓe a Amurka, kuma ba hutu ba ne. Wanda bai tsara lokacin ba, aiki zai cinye shi.

Kuma aikin bai ƙare a titi ba. A daren nan sai an shigar da kowane maki a kwamfuta, in ba haka ba gobe wani zai sake buga ƙofar nan, mai gida ya fusata. Ma'aikacin ofis kuma kowane dare sai ya tura lamba sama: ƙofa nawa, magana nawa, sabon hannu nawa. Ba a karɓar "jama'a na tare da mu". Lamba ake so.

Na uku... ko na ukun muke ciki? To duk ɗaya. Rashin cika alƙawari. In mutum 20 suka rubuta suna za su zo, ka sa ran 10. Don haka ba a cewa ka zo in ka samu dama. Ana cewa Asabar ƙarfe goma ko ƙarfe biyu, wanne ya fi maka? A kira shi ana jibi, a sake kira ana gobe. Kwana huɗun ƙarshe kuma ofis ba ya ɗauka, sai a watsu a garejin magoya baya, bayan an yi gwajin tsarin a makonnin baya don a ga inda zai yoyo.

An miƙo mini takarda, wai saura minti biyar. Bari in yi sauri. Obama ya ci da ƙuri'ar wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa 365, McCain 173. A ranar nan ya ci Kalifoniya da kashi 61, amma a wannan jihar masu zaɓe suka amince da dokar hana auren jinsi, abin da ya girgiza matasan da suka zaci duk wanda ya zaɓi Obama ra'ayinsu ɗaya a komai. A Janairun 2009 aka mayar da tsarin sa-kan ƙarƙashin hedikwatar jam'iyya, aka koma aika wa mutane saƙon imel. A zaɓen 'yan majalisa na 2010 fitar matasa ta faɗo daga kusan kashi 51 zuwa 24, Democrat ta rasa kujera 63 a majalisar wakilai. Akwai... na'am, Malama, ga hannu can.

[Wata ɗaliba: Malam, to a nan wajenmu wannan zai yi aiki kuwa? Ka san ba a shiga gidan mutane haka nan.]

Kin taɓo inda ya kamata. Ba a shiga, gaskiya ne, kuma a rubuce yake a ƙofar zaure. Namiji iyakarsa zaure da majalisa da bakin masallaci. Don haka duk ƙungiyar unguwar da babu mata a cikinta, rabin masu zaɓe ta bari a baya. Mata su shiga cikin gida, da hantsi bayan an sallami yara, kuma 'yan unguwar, kada a maimaita kuskuren Dean.

Sai jeri. Mu ba mu da rajistar da ke nuna wa ya fita bara, da hannu za ku gina naku. Ku ɗauki akwati ɗaya daga cikin rumfunan zaɓe sama da dubu 176 da ke Najeriya, ku sayi littafi, ku ja layi huɗu: suna, ya yi rajista, ya karɓi katin, a wace rumfa sunansa yake. Layi na uku da na huɗu su ke kayar da mutane, don wani ya yi rajista katin na kwance a ofishin INEC, wani kuma an sauya masa rumfa bai sani ba. A 2023 sama da mutum miliyan 93 ke da rajista, kashi 27 kacal suka fita. Ashe mai kasala ya fi mai shakka yawa nesa ba kusa ba, shi za ku fara bi, da tambayoyin nan uku.

Akwai kuma aikin da yarinyar nan ta Amurka ba ta cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole ne: a kasa, a tsare, a raka. Wakilinku ya tsaya har a ƙirga, ya karanta fom ɗin sakamako, wato EC8A, kafin ya sa hannu, ya tabbatar adadin ƙuri'u bai wuce na waɗanda na'urar BVAS ta tantance ba, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto, ya bi akwatin zuwa wurin tattarawa na mazaɓa. Ku tura mutum biyu, don ɗaya zai tafi salla ko cin abinci, kuma ku kai musu abincin da kanku. Shugaba, a ba wancan bawan Allah makirfo, ya daɗe da ɗaga hannu.