Yadda SDL Ya Koyi Gani da Ji

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi ɗan hasken nan da ya kama a saman allon kwamfutata, gefen kyamara. Yana kamawa, sai ga fuskata. Abin kamar wasa, amma sai da SDL ya shekara sama da 25 a duniya kafin ya iya wannan.

SDL tarin kayan aiki ne da masu rubuta manhaja, musamman ta wasannin kwamfuta, ke gini a kansa. Sam Lantinga ne ya fito da shi a 1998. Kai dai ka rubuta manhajarka sau ɗaya, shi zai ji da Windows da Linux da Mac da Android. Tun farko ya iya buɗe taga, ya zana hoto, ya fitar da sauti a lasifika. Amma naɗar murya ta makirufo sai a 2016 ta shigo, kyamara kuwa sai a Janairun 2025, da fitowar SDL 3.2.0.

To me ya kawo jinkirin? Idan za ka kunna bidiyo, fayil ɗin yana zaune, kai ke da iko da shi. In kwamfuta ta yi nauyi, zai jira ka. Kyamara ba ta jiran kowa. Famfo ce da ba ta da abin rufewa, tana zubo hotuna 30 a kowane sakan, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Saboda haka ake jera mata jarkoki, wato wasu gurabe a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kyamara ta cika ɗaya, manhaja ta ɗauka, ta juye, ta mayar layi. Ku duba layukan umarnin SDL nan biyu a allo. Na sama, SDL_AcquireCameraFrame, shi ne ɗaukar jarka. In ba wadda ta cika, hannu wofi zai dawo, ba zai tsayar da wasanka ba. Na ƙasa, SDL_ReleaseCameraFrame, shi ne mayarwa. Bari in goge na ƙasan ku ga abin da zai faru. Kun gani? Hoton ya ɗan motsa, sai ya daskare da bakina a buɗe. Kyamarar lafiyarta lau, jarkokin ne suka ƙare a hannuna.

Sai maganar direbobi, wato manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'ura irin kyamara. A Linux akwai V4L2, ga kuma PipeWire da ya zo daga baya. Windows na da Media Foundation, Apple na da AVFoundation, Android da tasa hanyar, burauza ma da tata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dole a rubuta wa kowanne nasa tafinta, sannan a lulluɓe su duka da ƙofa ɗaya. Sauƙin da aka samu shi ne ƙa'idar UVC ta 2003, wadda ta sa yawancin kyamarorin USB ke aiki ba tare da an nemo musu direba na musamman ba.

Yanzu ga wurin da na fi so, domin lissafi ne kawai. Hoto mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080, in kyamara ta aiko shi ɗanye a tsarin YUYV, kowane ɗigo bayit 2 yake ci. Hoto ɗaya ke nan ya haura megabayit 4. Ku ninka sau 30, kusan megabayit 124 a sakan. Ita kuwa USB 2.0, iyakarta a takarda megabit 480 a sakan, wato megabayit 60, kuma a aikace ba ta kai nan. Ko rabin kayan ma ba za ta iya ɗauka ba. Shi ya sa kyamarori ke matse kowane hoto su aiko shi a tsarin MJPEG, sai kwamfuta ta warware. Don haka in kun ga kyamara mai kyau tana tafiyar hawainiya, kafin ku zagi mai shago, ku duba wane tsari manhajar ta roƙa.

Akwai kuma neman izini. Tun daga Android 6.0 a 2015, da macOS Mojave a 2018, sai mai na'ura ya amince kafin a buɗe masa kyamara. Kuma mutum na iya barin tambayar a allo ya tafi masallaci ya dawo. Abin da SDL ya yi ya burge ni: yana buɗe kyamarar nan take, manhaja ta ci gaba da harkarta, daga baya saƙo ya zo cewa an yarda ko an ƙi. Haka ma in wani ya fizge wayar kyamarar ana tsakiyar ɗauka, saƙo ne zai zo, ba rugujewa ba.

Sauti ya fi hoto sauƙin nauyi, amma ya fi shi rashin haƙuri. Makirufo na auna murya sau 48,000 a sakan, wani 44,100, kuma SDL kan juya wannan zuwa wancan da kansa. Hoto ɗaya ya faɗi, ido ba zai lura ba. Guntun sauti ya faɗi, nan take kunne zai ji ƙas.

Babbar rigimar ita ce agogo. Kyamara da nata, makirufo da nasa, kuma ba sa tafiya daidai. A ce bambancinsu kashi 1 ne cikin 10,000. Bayan awa ɗaya, murya ta riga leɓe da fiye da sulusin sakan, kamar fim ɗin da aka yi wa fassarar gaggawa. GStreamer, wani tarin kayan aiki na sarrafa bidiyo da sauti, yakan zaɓi agogo ɗaya ya sa kowa ya bi shi. SDL kuwa yana manna wa kowane hoto lokacin da aka ɗauke shi, daidaita shi da murya kuma aikin mai manhaja ne.

Bari in tafa hannu a gaban kyamarar mu gwada tawa. Ku sa ido a tafina, ku kasa kunne.