Darasi: Suyar Naman Rago a Kasko da Dahuwarsa a Tukunya Don Abincin Dare

Jama'a masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau naman rago za mu dafa don abincin dare, kuma na ɗauko shi daga wurare biyu a jikin dabbar: ga yankan gadon baya guda huɗu a nan kan katako, ga kuma karfata kilo ɗaya a cikin wancan kwano. Duk abin da zan faɗa a kan rago ya hau kan naman sa, sai dai shi naman sa yakan ɗan fi daɗewa a tukunya.

Na raba su ne saboda ba irin wuta ɗaya suke so ba. Gadon baya wuri ne da dabba ba ta wahalar da shi, don haka tsokarsa mai laushi ce tun tana ɗanya, kuma 'yan mintoci a kasko mai zafi sun ishe ta. Karfata kuwa, da wuya da ƙwauri, su ne ke aiki duk tsawon rayuwar dabbar, shi ya sa suke cike da jijiya, kuma wanda ya soya su na minti 10 ya sauke zai yi ta tauna har muƙamuƙinsa ya gaji. Jijiyar nan tana narkewa ta koma wani abu mai yauƙi da ke ba romo kauri, amma sai zafin cikin naman ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos kuma ya daɗe a haka. Saboda haka da karfata za mu fara, tunda ita ce mai cin lokaci.

Na riga na yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace kamar santimita 5, na kuma zuba gishiri tun awa ɗaya da ta wuce. Gwargwadon da nake bi shi ne giram 10 na gishiri ga kilo ɗaya na nama, wato ƙaramin cokali biyu da ba a cika su ba. Lokacin zuba gishirin yana da muhimmanci, domin da zarar ya taɓa nama sai ya fara janyo ruwa zuwa waje, kuma sai bayan kamar minti 40 naman ke sake shanye yawancin ruwan tare da gishirin. Don haka ko dai ku zuba shi daidai lokacin da naman zai shiga kasko, ko kuwa ku ba shi minti 40 ko fiye a firij. Wanda ya zuba ya jira minti 15 kawai zai tarar da naman a jiƙe.

To, ga abin da ya fi ba ni wahala lokacin da nake koyon girki, kuma zan ɗan daɗe a kansa: busar da naman. Ku duba yadda nake danna kowace gunduwa da tishun kicin, sama da ƙasa da gefe, har sai tishun ya daina jiƙewa. Dalili shi ne ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin akwai ruwa a jikin naman, zafin wurin ba zai wuce haka ba. Launin nan mai ja-ja da ƙamshin da muke nema kuwa ba sa samuwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama, lokacin da sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikin naman suke haɗuwa. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Idan kuka jefa jiƙaƙƙen nama a kasko, turara shi za ku yi, ya fito fari-fari babu ƙamshi. Wanda ya wanke namansa, to aikin busarwa ya ƙaru a kansa, ya kuma wanke wurin da ruwan ya fantsama da sabulu.

Tukunya ta yi zafi, mai ya fara sheƙi. Ina jera naman da tazara a tsakani, kuma ba zan zuba duka ba, domin idan tukunya ta cika sai zafinta ya faɗi, ruwa ya taru a ƙasa, aikin busarwar da muka yi ya tashi a banza. Zan soya shi kashi biyu. A'a, wannan tukunyar ba ta kai faɗin da nake zato ba, bari in kwashe guda uku, mu yi shi kashi uku. Kada ku taɓa naman sai ya saki tukunyar da kansa. Idan kuka ɗaga kuka ji yana riƙe, bai yi ba tukuna.

An gama suya, na kuma soya albasa biyu da tafarnuwa da karas a cikin man, wannan kowa ya iya. Yanzu zan zuba ruwa kofi biyu in kankare gindin tukunyar da cokalin katako, saboda wannan abin da ya kama ja-ja a ƙasa shi ne rabin daɗin romon. Nama ya koma ciki, kuma ruwan ya tsaya a rabinsa, kada ya rufe shi. A rufe tukunya, a sa ta a tanderu mai zafin digiri 160 na awa biyu zuwa biyu da rabi. Wanda zai yi a kan murhu ya rage wuta ƙasa sosai, yadda romon zai riƙa motsi a hankali ba tare da zabalbala ba. Mai tukunyar da ke dafawa da matsin tururi zai gama cikin minti 40, kodayake ni na fi son ta tanderu, don romonta ya fi kauri. Ranar da kuka san za ku dawo gida a gajiye, ku dafa wannan tun daren jiya, washegari ɗumamawa kawai za ku yi.

Mu koma kan gadon baya. Kaurin kowane yanka santimita 2 da rabi ne, kuma ina ba ku shawara kada ku yarda mahauci ya yanka muku ƙasa da haka, domin siririn yanka yakan bushe a ciki kafin wajensa ya yi launi. Gishiri da masoro kaɗai na sa. Kaskon da nake amfani da shi na ƙarfe ne mai nauyi, kuma idan akwai abu ɗaya da zan ce ku saya saboda wannan darasi, to shi ne, domin yana riƙe zafi ko da an ɗora masa nama mai sanyi, kuma in ana shafa masa mai bayan wanki zai yi shekaru masu yawa yana aiki. Kaskon nan mara nauyi da ba ya kama abinci, ku bar shi ga ƙwai, ba a yi shi don wuta mai ƙarfi ba.

Da gefen kitse zan fara. Ina tsayar da yankan a kan kitsensu, in jingina su da juna, na minti 2, sai kitsen ya narke ya zama man suyar. Yanzu in kwantar da su. Minti 4 kowane gefe. A'a, wannan na ƙarshen bai kai sauran kauri ba, shi minti 3 zan ba shi. Na juya, kun ga launin da busarwa ta ba mu. Bota tana shiga ne a minti na ƙarshe, bayan an rage wuta, saboda tana ƙonewa da wuri ta yi ɗaci. Na jefa tafarnuwa guda uku da na ɗan daddaka, in karkata kaskon, in riƙa ɗibar botar da cokali ina kwarara wa naman.

Yaya za a san ya nuna? Da ma'aunin zafi na nama, wanda ake soka shi ta gefe har tsakiyar tsokar ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa digiri 63 a matsayin mafi ƙarancin zafin da ya kamata cikin yankan naman rago ko na sa ya kai, sannan a bar shi ya huta na minti 3. Niƙaƙƙen nama kuwa sai ya kai digiri 71, saboda niƙa yana shigar da ƙwayoyin cutar da ke saman nama zuwa cikinsa. Ni nakan sauke a digiri 60, domin zafin kan ci gaba da hawa da 'yan digiri bayan an sauke. Wanda ba ya son ganin ja ko kaɗan ya bari ya kai 70, amma kada ya wuce, daga nan sai bushewa.

Wata baƙuwa ta taɓa mayar mini da faranti ta ce naman da sauran jini, kuma na san da yawa daga cikinku haka za su ce. Jinin dabba yana fita ne tun wurin yanka. Jan ruwan da kuke gani ruwan tsoka ne da ke ɗauke da wani sinadari mai suna mayogulobin, wanda shi ke ba nama launinsa, kuma launi ba ya nuna zafin da cikin nama ya kai.

Naman zai huta minti 5 a kan katako, kuma idan kuka yanka shi yanzu ruwansa zai malale. Kafin ya huta, na tsiyaye yawancin man kaskon, na zuba ruwa rabin kofi, na kankare, na bari ya ƙone zuwa rabi, sai in matsa lemun tsami in yayyafa na'a-na'a. Shi yankan da ke da ƙashi haka ake kai shi faranti, amma idan tsoka ce babba ta naman sa, ku duba inda zarenta ya miƙe ku yanka a gicciye. Tsoka kamar ɗaurin tsintsiya take, in an datse ta a gicciye sai zaren ya zama gajere, haƙori ya huta.

Ga tukunyar karfata wadda na dafa tun da rana don kada mu jira. Gwajinta cokali mai yatsu ne: in ya shiga ya fita ba tare da naman ya riƙe shi ba, ta yi, in kuma ya riƙe, a mayar da murfi a ƙara minti 30. Ku kwashe man da ya taso sama, sannan ku ɗanɗana gishiri, domin romon ya ragu kuma gishirinsa ya ƙaru. Abin da ya saura kada ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya in ana zafi sosai, kuma a firij a cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu.