Da Mongoliyawa Sun Ci Gaba, Za Su Iya Cinye Turai?

Jama'a, mu koma baya cikin tarihi. Watan Afrilu ne na shekarar 1241. A ranar 9 ga wata, a kusa da garin Legnitsa na ƙasar Folan, rundunar Mongoliyawa ta murƙushe dakarun Henri, mai mulkin yankin Silesiya, suka sare kansa suka kafa a tsinin mashi. Bayan kwana biyu kacal, can kudu da nisan ɗaruruwan kilomita, wata rundunar tasu ta yi wa sojojin Hangari kaca-kaca a filin Mohi. Kwana biyu, dauloli biyu.

Bari mu ɗan tsaya a Mohi, domin a nan ake gane irin mutanen da Turawa suka haɗu da su. Sarki Bela na Huɗu ya yada zango a bakin kogin Shayo, ya kewaye sansaninsa da kekunan yaƙi da aka ɗaure da sarƙa, yana ganin ya kare kansa. Ashe kurkuku ya gina. Batu, jikan Jangis Khan wanda ya kafa daular Mongol, ya tunkari gadar kogin da injinan jifan duwatsu har ya kori masu gadinta. Shi kuwa gogaggen kwamandan Mongol Subutai sai ya zagaya ta wani wuri, ya sa aka haɗa gadar wucin gadi, ya ɓullo musu ta baya. Da suka yi wa sansanin ƙawanya, sai suka bar wata 'yar kafa da gangan. Mutum ya ga ƙofa, me zai jira? Sojojin Hangari suka zubar da makamai suka yi ta kansu, mahayan Mongol suka bi su a natse suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Bela da ƙyar ya sha, daga ƙarshe gudu ya kai shi har gaɓar tekun Adiriyatik.

To wa zai tare su? Sarkin daular Jamus, Firedirik na Biyu, yana can yana kai ruwa rana da Fafaroma Giregori na Tara, kowa na zargin ɗan'uwansa. Babu wata rundunar haɗin gwiwa da ta fito. Saboda haka in dai fage ne a fili, doki da doki, ni ban ga sarkin Turai na wancan zamani da zai ja da Subutai ba.

Amma cin yaƙi daban, cin ƙasa daban.

Da hunturu ya yi tsanani, kogin Danub ya daskare. Wani limamin coci mai suna Roja, wanda Mongoliyawa suka kama ya kuma tsira, ya ba da labarin dabarar da suka yi: suka bar dabbobi a bakin kogin babu makiyayi, suka ɓuya. Mutanen tsallake suka ga banza ta faɗi, suka tako kan ƙanƙara suka kora su. Shi ke nan, an gwada musu cewa ƙanƙarar za ta ɗauki doki. Suka haye, suka faɗa wa birnin Estergom, suka wawashe shi. Sai dai hasumiyar dutse da ke kan tudu ta gagare su. Haka suka yi ta cin karo da irin wannan: garin da ganuwarsa ta katako da ƙasa ce ya faɗi nan da nan, wanda aka gina da dutse a bisa tsauni ya tsaya. Kuma iya nausawarka yamma, cikin Jamus da Italiya da Faransa, iya yawan irin waɗannan gine-gine.

Kada a ce ba su iya kewaye birni ba. Sun iya. Bagadaza ta faɗa hannun Hulagu, wani jikan Jangis Khan, a 1258, ya kashe halifan Abbasiyawa. A ƙasar Sin kuwa sun zauna a kan birnin Shiyangyang tun daga 1268 har 1273, sai da aka kawo musu ƙwararrun Musulmi daga yammacin daularsu suka ƙera manyan injinan jifa. Ku lura da wannan: shekara biyar a kan birni guda. Sun jure ne saboda Sin tana maƙwabtaka da su, kuma arzikinta ya kai a sha wahala dominsa. Wa zai ɓata shekara biyar a gindin wani dutse a Jamus, ya ci, ya tarar akwai wasu ɗari a gabansa, kowanne da nasa mai gida da ba ya jin maganar kowa?

Sai batun ciyawa. Kowane mayaƙin Mongol yana tafe da dawaki da dama yana sauyawa, kuma duk wanda ya taɓa riƙon doki ko guda ɗaya ya san abin da cikinsa ke ci. Filin Hangari shi ne makiyaya mai faɗi ta ƙarshe. Daga nan sai dazuzzuka da gonaki da tsaunuka. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya duba zoben cikin itatuwa da ke nuna yanayin kowace shekara, ya nuna cewa farkon 1242 ya zo da sanyi da damshi sosai, abin da zai mayar da filin taɓo.

A cikin 1242 suka juya. Bayanin da aka fi ji shi ne mutuwar babban sarkinsu Ogedai a watan Disamba na 1241, wai sun koma zaɓen magaji. Ni dai ina ɗan ja da wannan, domin Batu bai je Mongoliya ba. Ya tsaya a bakin kogin Bolga ya kafa tasa daular, kuma ba a naɗa magajin, wato Guyuk, ba sai 1246, mutumin da ba sa ga maciji da Batu. Rigimar cikin gida ta fi komai ɗaure musu ƙafa. Mai tsoron ɗan'uwansa a baya ba ya tura sojojinsa Faransa. Zuwa 1260 Mamlukawan Masar sun doke su a Ainu Jalut, ba a daɗe ba kuma Hulagu da Berke, jikokin Jangis su biyu, suka kaure da yaƙi.

Ina ganin da sun dawo da wuri, za su iya riƙe Hangari da Folan su riƙa karɓar haraji, kamar yadda suka yi wa sarakunan Rasha. Wuce nan yana bukatar shekaru da yawa da sarki ɗaya mai niyya ɗaya, su kuwa sun rasa wannan.

Sun ma sake gwadawa. Bela ya koma gida ya shafe sauran mulkinsa yana gina ganuwoyin dutse, yana ba manyan ƙasa izinin su gina nasu. A 1285 shugabannin Mongol biyu, Nogai da Talabuga, suka shigo Hangari da runduna. Wannan karon ganuwoyin suka tsaya, abinci ya yanke musu, kuma a hanyar komawa ta tsaunukan Karfat yunwa da sanyi suka cinye mafi yawan mutanen Talabuga.