Me ya sa ake ƙwaƙule siminti daga bangon tsoffin kotunan Texas?

[Hoto: magini a saman dandamali, yana aiki a jikin bangon jan bulo]

Ku dubi hannun maginin nan. Siminti yake ƙwaƙulewa daga tsakanin bulo, simintin da ko guduma sai ta sha wuya kafin ta fasa shi. In ya gama, zai cike gurbin da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda bai kama ƙafar wancan ba wajen tauri. Mutane da yawa da suka ga irin wannan aiki sun ce almubazzaranci ne, wasu kuma suka ce ɗan kwangila ne ke neman na cefane. Ba ko ɗaya, kuma a kan wannan gaɓar za mu daɗe yau.

[Taswira]

Nan jihar Texas ce a Amurka. Tana da gundumomi 254, babu jihar da ta kai ta yawa, kuma kowace gunduma da ginin kotunta, galibi a tsakiyar gari. Ba shari'a kaɗai ake yi a ciki ba. Takardun filaye, rajistar aure, zaman shugabannin gunduma, duk a nan ne. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara ɗari.

[Tsohon hoton gobara]

Ranar 1 ga Janairun 1993 da dare, wutar lantarki ta haddasa gobara a kotun gundumar Hill da ke garin Hillsboro, ginin da aka yi a 1890. Rufi da hasumiyar agogo suka rufta. Wannan ya farkar da jama'a. A 1998 aka sa kotunan Texas cikin jerin wuraren tarihi 11 da suka fi fuskantar barazana a ƙasar, a 1999 kuma gwamnan lokacin, George W. Bush, ya sa hannu a kan dokar gyara su. Jiha kan biya har kashi 85 cikin 100, gunduma ta kawo aƙalla 15, amma sai ta fara gabatar da cikakken tsarin aiki a rubuce.

[Hotuna a jere, da sauri]

Sauran aikin a fili yake. Tsoffin wayoyi, a sauya. Rufi mai yoyo, a gyara. Lifta da hanyar keken guragu, dokar 1990 ta naƙasassu ta wajabta. Silin na kwali da aka maƙala daga baya don sa na'urar sanyi, a sauke shi ɗakin shari'a ya koma tsayinsa na asali.

To, mu koma ga bango.

[Hoto kurkusa: layin kwaɓi tsakanin bulo biyu]

Lokacin da aka yi tsofaffin cikin waɗannan gine-gine, galibi da farar ƙasa da yashi ake haɗa bulo da dutse. Bulon wancan zamani ba shi da taurin na yanzu, yana shan ruwa. In damina ta jiƙa bango, danshin yakan bi ta kwaɓin, don shi ya fi bulon laushi da yawan ƙananan ramuka, ya fita iska ta busar da shi. In zafi da sanyi suka sa gini ya ɗan motsa, kwaɓin ne ke sassautawa. A hankali yana zaizayewa, kuma haka aka so: gara kwaɓi ya ci, a sake shi, da bulo ya ci.

Sai aka yi shekaru ana faci da siminti, da kyakkyawar niyya, don kowa ya san siminti da ƙarfi. Amma ya fi bulon tauri, kuma da ƙyar ruwa ke ratsa shi. Danshin da ya shiga bango sai ya rasa hanyarsa ta dā, ya koma bi ta jikin bulon. Gishirin da ke cikin ruwan ya taru a bayan fuskar bulo. In aka yi sanyi mai tsanani ruwan ya daskare, girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya tura daga ciki.

[A tsaya a kan wannan hoton]

Ga sakamakon. Fuskar bulo ta ɓare ta zube, layin siminti kuwa yana nan tsaf ya fito waje kamar ragar kamun kifi. Wanda ya gani zai ce madalla da siminti, shi kaɗai ya tsira. Alhali shi ya ci bulon.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san yadda filastar siminti ke yi a jikin katanga: shekara kaɗan ta kumbura, ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, wata damina ta faɗo da guntun katangar. Ni abin yana ba ni takaici ƙwarai, don maginanmu na dā da ke shafe da makuba sun san katanga na bukatar ta sha iska.

[Hoto: aikin hannu]

Shi ya sa aikin ke cin lokaci da kuɗi. Da farko a ɗebi tsohon kwaɓi a kai ɗakin gwaji, a gano irin yashin da adadin farar ƙasar. Sannan a ƙwaƙule layin har zurfin da ya ninka faɗinsa sau biyu ko fiye, yawanci da hannu, don injin yanka na saurin gutsure gefen bulo. A share ƙura, a jiƙa wurin, a dinga dannawa kaɗan-kaɗan, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Layi ɗaya ke nan. Ku ƙirga layukan da ke jikin gini mai hawa uku.

[Hoto: buhunan algarara rataye a bango]

Waɗannan buhunan da kuke gani ba shanya ba ce. Farar ƙasa ba ta kamawa a yini ɗaya kamar siminti, iskar da ke kewaye take zuƙa a hankali kafin ta taurare, in kuma rana ta busar da ita da wuri sai ta zama gari. Don haka ake rufe bangon da jiƙaƙƙun buhuna, a bi su da feshin ruwa safe da yamma, har na tsawon kwanaki.